Hoton Baffa da Gargasa

Akwai hoton da na ɗauka don in ci mutuncin wani, kuma har yau ban yi da-na-sani ba. Na ɗauki hotuna ba iyaka a rayuwata, na aure da na suna da na katin makaranta, amma wannan kaɗai ne na yi tafiyar kwana biyu a bayan babbar mota saboda shi. Mutumin da ke cikin hoton ƙanin mahaifina ne, ciki ɗaya, wanda muke kira Baffa.

Sai na fara da geron, in ba haka ba ba za a gane zafin abin ba. Ƙauyenmu yana arewacin Kano, wajen Kunci, inda gona ke manne da gona, ba ka samun jejin da za ka saki akuya. Gidanmu yana da wani irin gero da kakanmu ya bari, gargasa, mai gashi a jikin zangarniya. Tsuntsu ba ya son ta, don gashin yana tsokane masa ido. Akwai gargasa a wasu garuruwan, amma tamu daban ce: doguwa ce kamar hannun babban mutum, gashinta baƙi, kanta a ɗan lanƙwashe. Duk manomin yankinmu ko daga nesa ya hango ta ya san ta. Kowace kaka Baba yakan zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, a ɗaure su da kaba, a naɗe da tsohuwar tabarma, a rataye a rufin ɗakin Inna, mahaifiyata, inda hayaƙi ke korar ƙwari.

A shekarar babban fari ina da shekara goma sha biyar. Gonaki suka ƙone tun gero bai fitar da kai ba. Muka ci tafasa, muka ci dusa, muka ci abin da ba na son in faɗa. Maƙwabtanmu da suka saba shuka gargasar suka cinye tasu har da iri, don mai yunwa ba ya tunanin baɗi. Namu ƙunshin kaɗai ya rage a ƙauyen, yana rataye a saman gadon Inna, muna kwana a ƙarƙashinsa da cikinmu yana kuka, ba wanda ya taɓa shi. Baffa ya tafi cin rani a tsakiyar wannan ranin, kamar yadda maza da yawa suka tafi.

Ranar da aka yi ruwan shuka, maƙwabta suka cika tsakar gidanmu da ƙorai a hannu, kowa yana jiran a ɗiba masa. Baba ya taka turmi, ya sauko da ƙunshin, ya kwance a gaban kowa. Kara ne a ciki, an yayyanka shi daidai tsawon zangarniya. Sai kakarmu, mahaifiyar Baba, ta nuna Inna, ta juya ta dube mu, ni da ƙannena, ta ce, "Ku dubi kumatun 'ya'yanta, ku dubi na naku." Gaskiya ne kumatunmu ba su faɗa sosai ba, amma kwaki ne da yayan Inna ya aiko daga birni, kuma kowa a gidan ya ci. Inna ta dubi Baba tana jira. Baba ya naɗe tabarmar ya shiga zaure.

Daga ranar Inna ta sami sabon suna, ta-ci-iri. Ba a faɗarsa a gabanta, amma bango ba ya tare shi. Wanda bai tashi a ƙauye ba zai ɗauka ƙaramar magana ce. A wurinmu wanda ya ci iri ya fi ɓarawo muni, don ɓarawo abincin yau ya ɗauke, mai cin iri kuwa na shekaru masu zuwa. Aka daina ba ta ajiya. In ana biki ba a ba ta ludayin rabo. Geron da aka samo aka shuka a madadin namu ba shi da gashi, don haka duk shekara tsuntsaye sukan sauka a gonaki su yi ta ɓarna, kuma duk lokacin da suka sauka sai an tuna da ita. Na sha jin mata suna korar tsuntsu da gwangwani suna ambaton sunan nan kamar waƙa. Shekara goma sha ɗaya Inna ta yi a haka, tana daka, tana tuwo, tana gaishe da waɗanda suka raɗa mata shi.

Ni kuwa na tafi birni, na koyi ɗaukar hoto a shagon wani mutum mai haƙuri, na dawo da tsohuwar kyamara, na kafa rumfa a kasuwar Kunci. Ina da allo a bakin rumfar inda nake manna hotuna don jawo masu wucewa. Baffa bai dawo ba. Bai dawo da aka yi ruwa ba, bai dawo da kakarmu ta rasu ba, ko saƙo babu. Tun ina raya a raina cewa shi ya ɗauke irin ina istigfari har na daina istigfarin.

Sai aka sake shiga wani farin, ya haɗu da lokacin da komai ya yi wuya, ana layin sabulu da madara, fim ɗin hoto ma sai ka san wani. A wannan bazarar wani direban babbar mota, mai kai dawa arewa daga Dawanau, ya zauna a kujerata don hoton lasisi. Ya yi ta kallon fuskata har na tsargu. Ya ce akwai wani mutumin Kano a can wani gari bayan an tsallaka iyaka, mai irin tsagarmu sak, kuma mutanen garin ba sa kiransa da sunansa, sai dai mai gargasa. Na ce ya gyara zama, na ɗauke shi. Hoton nan nasa bai fita da kyau ba, sai da na sake masa wani.

Bayan kwana huɗu ina saman buhunan dawarsa, kyamara a naɗe cikin tsumma, da fim guda mai sauran hoto tara. Ban gaya wa kowa inda za ni ba. Rana tana dukan kai, ƙarfen mota ba ya taɓuwa. Ina kallo itatuwa suna raguwa, kuka da gawo suka ƙare, aka shiga aduwa da tumfafiya, daga nan sai rairayi da ƙasusuwan shanu a bakin hanya. Sauran fasinjoji suna ta salati da hira, ni ina tsara abin da zan yi. Na yi tunanin in shaƙe shi a gaban jama'a, na yi tunanin in kai shi gaban alƙali. Amma duk wanda na yi a can zai tsaya, ƙauyenmu ba wanda zai gani. Abin da nake so shi ne in ɗauko shi in kawo shi gida, in ajiye a gaban idon kowa.

Garin ya ba ni haushi saboda kyansa. Na so in tarar da kufai, inda ya dace da irinsa. Sai ga gari a gindin tudun rairayi, gidajen jan ƙasa a jere, da masallaci mai doguwar hasumiya da itatuwa suka leƙo daga jikinta, da dabino a kwari. Da azahar ba ka ganin kowa a waje, har kaji sun shige ƙarƙashin rumbu baki a buɗe. La'asar na yi sai garin ya farka, Buzaye suka shigo da raƙuma, mata suka nufi rijiya, rijiyar da sai jaki ya yi tafiya mai nisa da igiya kafin guga ya fito. Na kasa daurewa, na ɗauki rijiyar, na ɗauki masallacin, na ɗauki layin masu sayar da kanwa. Saura shida. Mutane suka yanyame ni, kowa na cewa a ɗauke shi. Sai in ɗaga kyamara, in ce kar a motsa, in yi ƙas da harshena, su tafi suna murna. Allah Ya yafe mini wannan, su ba su yi mini komai ba.

Wani dattijo mai sayar da igiya na tambaya ina gidan mai gargasa. Ya tashi da kansa ya raka ni, yana ba ni labari a hanya da Hausarsu mai ja. Ya ce bawan Allahn nan ya zo musu a shekarar yunwa da buhu a ka, ya kawo irin da tsuntsu ba ya ci. Mai gari ya ba shi gona a kwari, aka ba shi mata, yanzu duk kwarin nan geronsa ake shukawa. "Mutumin kirki," in ji shi, "ko ƙwarya ka kai masa ba ka dawowa da ita wayam." Na ce Allah Sarki. Na ji kamar in zauna a ƙasa in yi ihu. Buhu ɗaya ne, a gida ya sa an daina ba uwata ludayi, a nan ya ba wanda ya sace shi gona da mata da suna.

Na tarar da Baffa a ƙofar gida yana gyaran fartanya. Ya yi furfura, amma ba alamar wahala a jikinsa. Ya ɗago ya ga tsagar fuskata, fartanyar ta suɓuce masa. Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, gaisuwa cikakkiya, ban rage ko ɗaya ba. Na ga numfashinsa ya dawo a hankali. Ya tambayi mahaifiyarsa, na ce ta rasu shekara shida ke nan, ya yi kuka, kuma na yarda kukan gaskiya ne. Ya tambayi Baba. Sai da aka kawo fura muka sha, sannan ya ce, idonsa a ƙasa, "Me ake cewa a gida?"

Na ce, "Ana cewa ka yi nisa, Baffa. Baba ne ya ce in nemo ka, in ba za ka zo ba ko hotonka in kai masa ya gani."

"Innarka fa?"

"Tana nan lafiya. Tana gaishe ka."

Ya ce madalla, ya ce Allah Ya yi mini albarka. Na amsa da amin, ina kallon rumfar da ke tsakar gidansa. An sauko da damman iri an jingine a can, don hadari ya fara haɗuwa a gabas, ana shirin sussuka. Daga inda nake zaune ina ganin baƙin gashin da lanƙwasassun kawunan. Rabona da ganinsu tun ina ɗan shekara sha biyar, har na ji ƙanshin ɗakin Inna a hancina.

Washegari da hantsi aka yi shirin hoto, unguwa ta taru. A wancan zamanin ba wanda ake ɗauka da kayan jikinsa. Wani ya kawo aron babbar riga mai aiki, wani hula, wani agogo wanda ba ya tafiya, wani ya kawo rediyo a rataya masa a kafaɗa. Baffa ya zaɓi ƙofar maƙwabcinsa ta ƙarfe mai shuɗin fenti, ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi. Na ɗauki guda a nan don hankalinsa ya kwanta. Sannan na dubi sama, na yamutsa fuska, na ce rana ta yi wa ƙofar yawa, a koma bakin rumfa. Ya bi ni, amma da ya ga damman a bayansa sai ya ce a kawar da su.

Na ce, "Bar su, Baffa, ba sa fitowa. Ita wannan fuska kawai take kamawa, abin da ke baya dishi-dishi yake fita."

Ya yarda, don bai san kan abin ba. Da a nan aka tsaya ma ya ishe ni. Sai dattijon nan mai igiya ya kutso, ya ce, "Haba! Mai gargasa a hoto ba gargasa? Ta yaya mutanen Kano za su san abin da ya yi mana?" Ya zaro zangarniya mafi tsawo daga dami ya cusa masa a hannu. Jama'a suka ɗauka, riƙe, riƙe, ɗaga sama. Baffa ya dube ni, na dube shi. A wannan kallon ya gane abin da ya kawo ni, na kuma gane ya gane. Amma ba yadda zai yi ya jefar da ita a gaban mutanen da suke girmama shi saboda ita. Ya riƙe ta a gefen cinya, yana ƙoƙarin rufe ta da hannun riga. Na ja da baya taku uku don komai ya shigo, na ce a ɗaga masa hannun rigar kar aikin ya ɓuya. Aka ɗaga. Na ɗauka har sau uku, kuma a wannan karon ba da harshe ba.

Ya raka ni tasha da kansa, ya ba ni dabino da cuku in kai gida. Da aka tayar da injin motar sai ya riƙo hannuna, ya matso da bakinsa kusa da kunnena. "Ɗana, wancan da na riƙe gero, ka ƙona shi. Na bakin ƙofa za ka kai wa yayana." Na ce to, Baffa. Bai ce in roƙar masa gafarar kowa ba, na jira har motar ta fara tafiya. Dabinon da cukun na rabar wa fasinjoji tun ba mu bar ganin hasumiyar ba.

A birni na wanke fim ɗin. Hoton ya fita tas, ana iya ƙirga gashin zangarniyar. Na nufi gida da shi, na sami Baba a zaure shi kaɗai, na miƙa masa. Ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ya tsufa."

Na ce, "Baba, dubi hannunsa."

"Na gani."

"Dubi bayansa."

"Na ce na gani. Na sani tun kafin ka san mene ne hoto." Ya miƙo mini. "Ɗan'uwana ne, nono ɗaya muka sha. In aka ce ɓarawo ne, gidan nan duka aka faɗa wa, har kai. Ita kuwa maganar mata ce, tana wucewa."

"Shekara goma sha ɗaya ba ta wuce ba, Baba."

"Yaga shi," ya ce. "Ka rufa wa gidanku asiri."

Ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Na sa hoton a aljihu na fita. Duk tafiyar nan na yi ta ne da tunanin maƙiyi ɗaya nake da shi, yana can bayan rairayi. Ashe na biyun yana zaure, shi nake gaisarwa kowace safiya. Wannan ya fi na Baffa ciwo, kuma har Baba ya koma ga Allah ban gama huce shi ba.

Ranar kasuwa na cire hotunan amare da na ɗalibai daga tsakiyar allona, na manna wannan. Na zauna ina goge kyamara. Baffa ya yi wahalar aron riga a banza, don ba manomin da ya kalli rigar, balle rediyon. Kowa ya tsaya, idonsa a kan zangarniyar yake sauka. Na farko wani maƙwabcinmu ne, yana cikin waɗanda suka zo da ƙorai a waccan ranar. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allon, ya ce, "Kai, wannan ai gargasar gidanku ce." Sai ya ɗaga ido ya ga fuskar, ya juyo ya dube ni. Na ce, "Baffa ne, yana can arewa, yana gaishe ku. Can mai gargasa suke ce masa, shi ya kai musu iri a shekarar yunwa." Haka na yi ta maimaitawa ga duk wanda ya tsaya, da fara'ata, har kasuwa ta tashi. Ban ce ɓarawo ba ko sau ɗaya, na bar musu su faɗa da bakinsu.

Kafin magariba labari ya riga ni isa ƙauye. Baba ya daina amsa gaisuwata, ya kuma daina bin layin rumfata, sai ya zagaya ta wajen masu tukwane. Dattawa biyu suka zo suka ce in cire, abin ya isa haka. Na ce da zarar rana ta cinye shi zan cire. Mata kuwa suka fara shigowa gidanmu ɗaya bayan ɗaya, wannan ta zo aron rariya, waccan ta zo ɗiban wuta, kowace sai ta daɗe tana gaishe da Inna tana kame-kame. Ba wadda ta buɗe baki ta ce ta yi kuskure. Inna tana ba su rariyar tana ci gaba da aikinta.

Ita ba ta zuwa kasuwa, don haka na wanko mata nata na kai mata ɗaki. Ina fargaba, don na san ta da kawaici, na ɗauka za ta ce na tona asirin gidan mijinta. Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta karkata shi wajen ƙofa.

"Da rana tsaka ya ɗauka," ta ce. "Na dawo daga rijiya na gan shi yana fitowa daga ɗakin nan da buhu. A ranar na gaya wa babanka. Ya ce in na sake faɗa wa wani, a bakin aurena. Kuna ƙanana, ina zan kai ku a wannan yunwar?"

Ta sa ɗan yatsa ta shafa zangarniyar da ke cikin hoton, daga gindi har kai.

"Wanda ka kafa a kasuwa, girmansa ke nan?"

Na ce i, Inna.

"Tsofaffin garin nan ba sa gani sosai," ta ce. "Ba a yin wanda ya fi wannan?"

Na ce ana yi a birni, har kamar faifai, amma takardar ta yi tsada yanzu. Ta leƙa tsakar gida, inda akuyarta guda ɗaya take ɗaure a turke, wadda ta yi ta tattali da ɓawon wake duk tsawon farin nan.

"Kama ta ka sayar," ta ce. "A yi biyu. Ɗaya kasuwa, ɗaya a ba direban nan ya kai can."

Ranar kasuwa ta gaba ni da kaina na ja akuyar.